Oba-obar da take mutuwa da an danna: abin da na tarar a wata Hilux ta gona

Ranar wata Talata da hantsi motar ta shigo garejinmu, farar Hilux mai shan gas, jar laka har gilashi, ta wata gonar shinkafa ce can tsakanin Kura da Bunkure inda ruwan Tiga yake ratsawa. Mai gonar ya sa oba-oba a motocinsa saboda wasu filayen nasa sabis ɗin waya ba ya zama, sai ka hau tudu kana ɗaga hannu, ga shi kuma kullum ana buƙatar magana da sito, a kawo taki, injin ban ruwa ya tsaya, wani ya ji ciwo a fili. Babbar rediyon tana ofishin gona da doguwar eriyarta a kan ƙarfe, motoci kuma kowacce da tata a maƙale ƙasan dashbod, irin wadda ake kira VHF, mai ƙarfin wat 50.

Direban, wani dattijo mai natsuwa, ko zama bai yi ba ya fara jero mini matsala. Ya ce Malam abin nan ya ishe ni, in mota tana tsaye a kashe ina jin su tar kamar a gabana suke, amma da na danna zan yi magana sai fitilar rediyon ta ɗauke ta dawo kamar yanzu aka kunna ta, in kuma ina tafiya tana ɗan yi amma sai su ce muryata tana zuwa da wani kuka wiiii, in na taka totur kukan ya hau in na saki ya sauka. Sannan sau biyu motar tana kwana daga Juma'a zuwa Litinin a zo da safe ko kik ba ta yi, har an canza batir sabo, kuma shi Alhaji ya riga ya yanke cewa rediyon ce jabu, ya mayar da ta farko an ba shi wata, ita ma haka take yi.

Da na ji an canza rediyo ba a samu sauƙi ba, an canza batir ba a samu sauƙi ba, sai na ce mai Baba bari mu bi waya tukunna kafin a ƙara kashe kuɗi.

Abu na farko da na yi, kuma shi nake so duk mai wannan sana'a ya riƙe, awo ne lokacin da ake magana, ba lokacin da ake saurare ba. Oba-oba a saurare kusan ba ta cin komai, wannan da na auna rabin amfiya take ja, ko siririyar waya kamar zare ta ishe ta. Amma da ka danna maɓallin magana, rediyo mai wat 50 tana neman amfiya 10 zuwa 12 nan take, ya zarce abin da manyan fitilun gaba guda biyu suke ja. Shi ya sa mutum zai ɗora abin awo a bayanta ya ga wuta lafiya lau ya rantse wayarin ba shi da laifi, alhali bai gwada ta a inda take shan wahala ba.

A kan batir, mota a kashe, na samu bolt 12.4. A bayan rediyo tana saurare, 12.2. Na ce wa yarona danna ka riƙe, ina kallo lambar ta faɗo 9.6, rediyo ta ɗauke. Muka tada mota, altaneta tana ba batir 14.1, aka sake dannawa, abin da ya iso rediyo bai kai 11 da rabi ba. Su kuma irin waɗannan rediyoyin yawancinsu don 13.8 aka yi su, suna jure sama ko ƙasa da kashi 15 cikin 100, wato daga 11.7 zuwa wajen 15.9. To ka ga in mota tana tafiya tana ɗan lallaɓawa a bakin gaɓa, in an kashe ta faɗa. Maganar dattijon nan kaf ta fito a kan awo.

Kusan bolt 3 ke ɓacewa tsakanin batir da rediyo, kuma wuta ba ta ɓata haka kawai, zafi take komawa. In ka lissafa da amfiya 10 za ka samu kusan wat 30 na zafi yana ɓuya a wani wuri cikin dashbod duk sanda aka yi magana. Wannan shi ya tada mini hankali, ba mutuwar rediyon ba.

Muka kwance fuskar dashbod. Wallahi abin da na gani har yanzu yana idona. Ashe wanda ya fara haɗawa a ramin laitar sigari ya soke ta, na gane ne don bakin ramin ya narke ya yi baƙi, robar ta lanƙwashe, irin abin da kan faru in filogi yana rawa a kan gargada yana tartsatsi ƙanana yana zafi. Da wannan ya ƙi sai ya yanke filogin ya je bayan rediyon kiɗa ya fere siririyar wayar nan da take riƙe mata agogo da tashoshi, wadda kullum akwai wuta a jikinta ko an zare makulli, ya murɗa jar wayar oba-oba a kai ya naɗe da baƙin salatif. Salatif ɗin ya yi laushi ya saki danƙo, da na ja shi da yatsa sai ya biyo ni kamar cingam, robar wayar da ke ƙarƙashi kuma ta ƙone ta yi tauri tana farfashewa wajen tsawon ɗan yatsa. Baƙar wayar kuwa ya ɗaure ta da ɗan ƙaramin sukuru a jikin wani ƙarfe mai fenti, ko kankarewa bai yi ba.

Na buɗe akwatin fis. Fis ɗin layin mai amfiya 10 ne, ya daɗe da ƙonewa, an zagaye ƙafafunsa da silin waya an mayar. Na ciro shi na ɗora wa direban a tafin hannu na ce Baba ka san mene ne wannan? Ya ce fis ne mana. Na ce da fis ne, yanzu ashana ce. Mutane suna ɗauka fis rediyo yake karewa, a'a, waya yake karewa, shi ne aka ce ya mutu kafin waya ta yi ja. In ka hana shi mutuwa to wayar ce za ta mutu a madadinsa, kuma ita in za ta mutu ba ita kaɗai take tafiya ba, tana kwance ne cikin damin wayoyi kusa da soso da roba da kafet, batir ɗin mota kuma in aka haɗe masa kai yana iya turo ɗaruruwan amfiya. Dattijon ya yi shiru yana jujjuya fis ɗin, can ya ce innalillahi, kuma ina ɗauko yara 'yan aiki a motar nan kullum.

Maganar mutuwar batir ma a nan ta warware. Tunda wayar da aka taɓa ba ta bin makulli, in ya manta bai kashe rediyo ba, kuma da rana fitilarta ba ta wani nunawa, haka za ta kwana tana ja. Rabin amfiya a awa 24 ya zama 12, kwana uku 36, batir ɗin kuma mai 75 ne, kusan rabinsa ya tafi kenan, injin gas kuwa da sanyin safiya ba ya karɓar rabin batir. Tsohon batir ɗin da suka jefar ina kyautata zaton ba abin da ya same shi.

Na kira Alhaji a waya na gaya mai rediyonsa lafiyarta ƙalau, waya za a ja sabuwa tun daga batir. Ya ce nawa, na faɗa, ya ɗan yi jim ya ce Malam wayar ce har haka? Na ce ranka ya daɗe ko kwatan kuɗin batir ɗin da aka canza bai kai ba. Ya ce a yi.

Waya kam sai da na je da kaina, ban aiki yaro ba, domin yanzu akwai wadda ake sayarwa da sunan jan ƙarfe alhali alminiyam ce aka shafa mata ja a baya. Ita alminiyam wajen kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka take ɗauka, ga saurin karyewa in ana jijjiga, ga gishiri a bakin haɗi. Gane ta ba wuya, ka kankare silin da wuƙa in ka ga fari a ciki to ita ce, ko ka kara mata wutar laita, silin jan ƙarfe zai yi ja ya tsaya, nata kuwa sai ya langaɓe ya marmashe, kuma a hannu ma ba ta da nauyi. Na ɗauki mai kauri milimita 4 sukwaya, ja da baƙa. Lissafinta mai sauƙi ne, zuwa da dawowa wajen mita 7, a kan amfiya 11 abin da za ta cinye bai wuce sulusin bolt ba.

Kafin na taɓa komai na fara cire kan batir na baƙi, shi ake fara cirewa shi ake ƙarewa da mayarwa, don in sifana ta goga jikin mota kana kan ja alhali baƙin yana haɗe, tartsatsin da za ka gani ba na wasa ba ne. Na ɗaura jar waya a kan ja da zoben tagulla da aka matse da kyau, ba murɗawa a ƙarƙashin noti ba, sannan gidan fis mai murfi, amfiya 15 yadda takardar rediyon ta ce, tazararsa da batir bai kai taƙi ɗaya ba. Nan ne wurin da ake yawan kuskure. Wayar da take zuwa da rediyo sau da yawa in an ƙara mata tsawo sai fis ɗinta ya koma can ciki kusa da rediyo, to duk tsawon nan daga batir zuwa fis tsirara yake, in ya goge a jikin ƙarfe ba abin da zai tare shi. Fis a bakin batir yake zama.

Wajen shiga da waya cikin mota ban huda ko'ina ba, na bi ta robar nan da damin wayoyin mota suke ratsa bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, na sa wayoyin cikin tiyo mai ƙwarya-ƙwarya, na ɗaure duk bayan taƙi biyu, na nisanta su da salansa da sandar sitiyari da fedoji. Wayoyin da aka naɗe da rawaya kuma na jakar iska ne, ba a kusantarsu ko da abin gwaji. Wayar eriya na bi da ita ta ɗaya gefen, ban haɗa su hanya da ta wuta ba.

Baƙar wayar kuma, a wannan karon, na kai ta har kan batir na baƙi, da nata fis ɗin mai 15 kamar yadda ta zo daga kamfani. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Muka auna. Mota a kashe 12.4 a batir, an danna, 12.0 a bayan rediyo, ba ta ko ƙifta ba. Mota tana silo, 13.7 ana magana. Kukan nan na wiiii ma ya tafi ba tare da na sa mata wani matacin ƙara ba, don kukan altaneta ne, wutar da take haifarwa ba ta fita sumul, tana da 'yan tudu-tudu da suke ƙaruwa da gudun inji, batir shi ne yake shanye su, in ka ɗauki wuta a bakinsa ka samu mai tsafta, in ka ɗauka can ƙarshen siririn layi da baƙar waya a kan fenti ka kwashi dattin duka. Dattijo ya kira ɗaya motar tasu da ta rako shi tana can bakin titi, aka ce ana jinsa kamar a kunne, ya yi dariya ya ce Allah ya yi albarka.

Sai da muka ɗan ja da shi a kan makulli. Ni na sa rile, wato ɗan makunnin da wuta ce take kunna shi ba hannu ba, mai amfiya 30 a kan jar wayar, wutar da take tada shi daga layin makulli take zuwa, in an zare makulli rediyo ta mutu, batir ya huta. Shi kuma ya ce Malam ai ni aikina rabi a tsaye nake yinsa, in na yi fakin a bakin fili ina ƙarƙashin bishiya dole in riƙa jin kira, kuma ba zan bar makulli a jikin mota ba ina nesa da ita. Gaskiyarsa ce, ni ban zauna a filin ba shi ya zauna. Sai na sa mai ɗan makunni mai gefe biyu da jar fitila, gefe ɗaya rile yana bin makulli, ɗaya gefen yana samun wuta kai tsaye ta ƙaramin fis, kuma da yake gefe biyu ne wutar ba ta komawa baya ta kunna sauran kayan mota. Na ce in ka ga ja da yamma ka san ba ka mayar ba.

Bayan kamar sati uku sai ga shi ya dawo. Kukan ya dawo, muryarsa ba ta kaiwa nesa, kuma da daddare in ya kunna fitila da fanka sai fitilun su yi ja-ja. Gabana ya faɗi, don aikina ne.

Na duba fis ɗin ja, lafiya. Na duba na baƙi, ya ƙone. To me zai ƙona fis ɗin baƙi ya bar na ja, alhali in wutar rediyo ce ai abin da ya shiga ta ja shi yake fita ta baƙi? Dole wata wuta ce da ba ta rediyo ba ta bi ta nan. Na bi kan batir na baƙi, babbar wayar da take zuwa jikin inji tana nan daram, amma gajerar da take kama jikin mota, da na ja ta sai ta zo hannuna, gishiri ya cinye ta ta ciki saura 'yan sili, ruwa da laka da gargadar gona sun gama da ita. Da ta yanke, wutar fitilu da fanka da duk abin da yake komawa batir ta jikin mota sai ta shiga neman hanya, ta samu ƙarfen da eriya take zaune a kai, ta bi sarƙar da take lulluɓe da wayar eriya ta shiga jikin rediyo, ta fita ta baƙar wayata ta tafi batir. Rediyon ta zama gada. Fis ɗin nan ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya mutu, kuma da babu shi da wayar eriyar ce za ta narke ko cikin rediyon ya ƙone. Bayan ya mutu kuma ita rediyon ta koma mayar da tata wutar ta wayar eriya, shi ya kawo kukan da raunin murya.

Laifina biyu a nan kuma na faɗa wa dattijon a gabansa. Ranar farko na cire kan batir ɗin nan da hannuna na mayar ban ja gajerar wayar na gwada ta ba. Sannan na ba wutar mota hanyar da bai kamata ta samu ba. Na sa sabuwar waya mai kauri daga batir zuwa jikin mota, na kankare wurin har ƙarfe ya yi ƙyalli, na ɗauke baƙar wayar rediyo daga kan batir na ɗaure ta a jikin mota kan notin da ke maƙwabtaka da wannan, ba fis a kanta, na shafe su da giris. A haka ko gobe waccan wayar ta sake yankewa rediyo za ta rasa wuta ne tare da kowa, ba za ta zama gadar kowa ba. Na san akwai masu aikin da har yanzu suke kai duka biyun batir kowacce da fis, kuma wasu takardun rediyo ma haka suka zana, ban ce haramun ba ne, amma wanda zai yi haka kar ya kuskura ya cire fis ɗin baƙi. A sababbin motoci kuwa da suke da ɗan na'urar auna batir a maƙale a kan baƙi, jikin mota ne kawai wurin ɗaurawa, in ka ɗaura a kan batir ka tsallake na'urar, kwamfutar mota ba za ta san abin da ake ja ba ta rikita caji.

Ban karɓi ko sisi ba a wannan zuwan.

Kafin ya tafi ya ce Alhaji yana so a sa wata a babbar motar da take kwasar shinkafa zuwa injin casa, wai yaran can sun ce tunda batir biyu ne da ita sai a ɗauka daga guda ɗaya a samu 12. Na ce Baba ka gaya mai kar a yi, motar bolt 24 ce, in aka riƙa tatsar ɗaya shi zai riƙa kwana da yunwa ɗan'uwansa yana shan caji fiye da kima, a wata kaɗan duka biyun su lalace, in kuma aka yi kuskure aka ɗaura a na sama, wanda baƙin kansa ba ya haɗe da jikin mota, hayaƙi ne zai tashi nan take. Akwai ɗan akwatin da yake sauke 24 zuwa 13.8, a nemi mai amfiya 20 ko sama, shi ma da fis ɗinsa a bakin batir. Ya ce to ranar Asabar in an sauke kaya zai sa a kawo ta, sauran Hilux biyun ma mutum ɗaya ne ya haɗa su da wannan, na ce su kam kar a jira Asabar, a kawo su gobe da safe, kuma yau da daddare a zare musu wayar rediyon kafin a kwanta.